Shaidar Inna Mai Guga

Ni dama can ba mai shiru ba ce. A gidanmu a Gusau, in aka ji hayaniya a tsakar gida ba a tambayar ko wace ce. Shi ya sa har yau nake mamakin kaina, yadda na yi wata bakwai cur a Alƙahira namiji yana wulaƙanta ni a wurin aiki ban buɗe baki na gaya wa kowa ba.

Karatu ya kawo ni Masar. A shekarata ta uku na samu aiki a wani wurin ɗinkin abaya da hijabi a unguwar Hayyin Sabi', hawa na biyu a wani tsohon bene. 'Yan kasuwarmu na Kano da Damagaram suna saro kaya a wurinsu, sai suke neman wadda za ta riƙa magana da su da Hausa. In na tashi daga darasi da azahar sai in wuce can, in zauna a teburina kusa da ƙofar sito, in amsa waya, in rubuta launi da tsayi, in ba Hajiyoyi haƙuri in kaya sun yi latti.

Ranar da na fara, ina cikin waya ina rantse wa wata Hajiya cewa ba laifina ba ne, sai na ji murya daga bayan labule.

"Ke 'yar wane gari ce?"

Na kusa yar da wayar. Hausa ce mai nauyi, tsohuwa, irin ta bakin kakata. Na ɗaga labule na ga dattijuwa a tsaye cikin tururi, ƙarfen guga a hannu, zufa na bin wuyanta. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa za su Makka, suka zauna a hanya, ita ko Najeriya ba ta taɓa gani ba. Yaƙi ne ya koro ta daga Umdurman, ita da 'yarta da jikoki mata biyu. 'Yar tana fama da ciwon ƙoda, ba ta iya aiki. Gugar nan ita ce abincinsu, ita ce rufin da ke kansu a unguwar Hayyin Ashir. Tun ranar nake ce mata Inna, ita kuma ta ce mini 'yata, in ta manta ta ce ya bitti, wato 'yata da Larabcinsu.

Mu biyu ne baƙaƙe a wurin. Kofunan shayi suna jere a kan kanta, kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya kai, amma guda biyu an ɗaura musu jan zare a mariƙi. Su ne namu. Ba wanda ya taɓa faɗa mana da baki, mun dai gane. In lokacin cin abinci ya yi, teloli su zauna a tebur, mu mu zauna a kan matakala. Na taɓa ce wa Inna wallahi sai na tsinke zaren nan, ta kama gefen hijabina.

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Shayin ai ɗaya ne."

Mai kula da ma'aikata, wanda muke ce wa mushrif, shi ne masifata. Da tsokana ya fara, ya samara, ya shokolata, wato ke baƙa, ke cakulan, ana dariya. Daga nan sai ya zama duk sanda na shiga sito ƙirga kaya, shi ma yana da abin ɗaukowa. Hanyar siton matsattsiya ce, mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya raɓe. Shi ba ya raɓewa. Sai kuma saƙonnin murya suka fara shigowa wayata. Ba zan maimaita abin da ke cikinsu ba, ko yau in na tuna sai in ji kamar in wanke kunnena.

Duk wanda ya shigo, ina jin farkonsa sai in goge. A wayar nan nake sauraron karatun da nake hadda da shi, a cikinta muryar mahaifiyata take. In ajiye ƙazantar wani ƙato kusa da su? Allah ya kiyaye. Haka na riƙa gogewa ina ganin tsarki nake yi.

Wata rana ya tare ni a ƙuryar sito ya riƙe mini wuyan hannu. Ina kiciniyar ƙwacewa sai ga Inna da tulin abayoyi a kafaɗa. Ta tsaya. Ta gan mu sarai. Sai ta ɗaga murya da Larabcinta na Sudan ta ce ƙarfen guga yana tartsatsin wuta, ya zo ya duba kafin gobara ta tashi. Ya sake ni ya fita. Ƙarfen lafiyarsa lau. Daga ranar, duk sanda na tashi zan shiga sito sai in ji takun silifas ɗinta a bayana, ta samu wani abu da za ta jera. Ba ta taɓa tambayata komai ba, ni ma ban taɓa gode mata da baki ba. Kunya ce ta hana mu duka.

Abin da ya tunzura ni shi ne ranar da na buge masa hannu a gaban teloli. Washegari ya kai ƙarata wurin mai kamfani wai ina yi wa abokan ciniki rashin kunya, aka kira ni aka yi mini faɗa kamar yarinya. Na koma ɗaki ina kuka ina zagi. Abokiyar zamana, wata 'yar Zariya, ta matsa mini har na amayar da komai. Ita ta gaya mini akwai wani ofis a Giza da ke tsaya wa baƙi a kan irin wannan, kuma ba sa karɓar komai.

Na hau ƙaramar bas ɗinsu ta haya, mikrobas, na shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, na yi ta tambaya har na samu wurin. Wadda ta karɓe ni wata Bamisiriya ce mai furfura a gaban goshi, tabarau na rataye a wuyanta. Ustaza nake ce mata. Ta haɗo shayi kofi biyu ta miƙo mini ɗaya, sai na tsinci kaina ina juya kofin ina neman zare. Da na ga babu, kawai sai hawaye. Ta bar ni na gama, sannan ta jawo takarda.

Na yi mata bayani tun daga farko. Tana rubutu, ba ta katse ni ba sai da na zo kan saƙonni.

"Tamam, na ji. Suna ina?"

"Na goge."

"Duka?"

"Duka, ustaza."

Ta cire tabarau ta murza idonta. Ba ta yi mini faɗa ba, ni ce na ji kamar in mari kaina. Ta ce daga yau komai ƙanƙantar abu in rubuta shi a littafi, da rana da lokaci da wanda ke wurin, kuma ko me ya turo kada in taɓa. Ta kuma gaya mini gaskiya ba kwana-kwana. Takarduna na karatu ne, ba na aiki ba, don haka zuwa kotu zai iya juyowa kaina. Hanyar da ta fi ita ce ofishinsu ya rubuta wa mai kamfani, a nemi zama, ita ta zauna a gefena. Amma tun da ya ga na fara tsaurin ido ya daina turo saƙo, littafina kuma sabo ne. In babu shaida, maganata ce da tasa.

"Akwai Inna," na ce, ko numfashi ban yi ba.

Ta tambaye ni wace ce Inna, na faɗa mata. Ta ajiye biro.

"Saurare ni da kyau. Matar nan ta fi ki abin rasawa. Ke in an kore ki kina da makaranta, kina da ƙasar komawa. Ita fa? Zan yi ƙoƙari a rubuta cewa ba za a taɓa ta ba, amma takarda ba ta hana komai da komai. Ki gaya mata haka ƙarara. Kuma ki tambaye ta a inda za ta iya ƙi. Kada ki je gidanta. In ba za ki iya ba, kawo ta nan ni in tambaye ta, ke kina waje."

Na ce to. A metro ina dawowa na riga na san ba haka zan yi ba.

Wannan shi ne abin da ban taɓa rubutawa a littafin nan nawa ba. Na fi ustaza sanin Inna. Na san in aka zaunar da ita aka ce ga abin da zai iya faruwa, kina da zaɓi, to za ta tuna da 'yarta da ke kwance, ta ce a yi haƙuri. Na kuma san mu Hausawa, na can da na nan, akwai yadda za a roƙe mu abu bakinmu ya kasa furta a'a ko da wuƙa ce a wuya. Kara. Na san ta, an raine ni da ita, na ɗauke ta na yi aiki da ita.

Inna ta sha ba ni labarin yadda kakarta ke kwaɗayin daddawar ƙasar Hausa har ta rasu. Lokacin kuwa an aiko mini da daddawa da kuka daga gida. Ranar Juma'a na ƙulle rabi a leda na nufi Hayyin Ashir. Ɗakinsu ɗaya ne da ɗan falo, a hawa na biyar. Ta sunsuna ledar ta rufe ido, ta kira jikokinta su zo su ji ƙamshin garin kakanninsu, yaran suka toshe hanci muka yi ta dariya. Ta tuƙa asida, tuwonsu na Sudan, muka ci a faranti ɗaya, tana turo mini nama gabana. 'Yarta na kishingiɗe a katifa tana kallonmu.

Da aka ɗauke faranti sai na sauka daga kujera na durƙusa a gabanta, a gaban 'yarta, a gaban jikokinta. Kukan da na yi na gaske ne, wallahi na gaske ne, amma na san amfaninsa.

"Inna, ba ni da uwa a ƙasar nan sai ke. Ke kaɗai kika gani. In ba ki faɗa ba, na zama maƙaryaciya."

Ta dubi 'yarta. Ta dubi ledar daddawa da ke kan taga.

"To, 'yata. Tashi, ƙasa da sanyi."

Ban ce mata za ta iya rasa aiki ba. Na koma na gaya wa ustaza na yi mata bayani duka.

Ustaza ba ta tsaya a maganata ba. Ranar zaman, kafin mu hau bene, ta ja Inna gefe ta ce in ba su wuri. Daga nesa ina ganin tana magana a hankali tana ƙirga abubuwa da yatsu. Inna ta sa tob ɗinta mai kyau, lafayar matan Sudan, ruwan toka, wanda take zuwa biki da shi. Ta saurara har ƙarshe. Daga baya ustaza ta gaya mini amsar da ta ba ta guda ɗaya ce: na riga na ce mata to.

Mai kamfani dattijo ne, carbi a hannu. Ya karanta wasiƙar ofishin ustaza tun kafin mu zo, ransa a ɓace. Mushrif ya rantse da duk abin da ake rantsuwa da shi, ya ce ni kamar ƙanwa nake a wurinsa, wasa ne irin na Masar da ban fahimta ba. Ya ce in akwai saƙo a nuna. Sai ustaza ta juya wurin Inna ta ce, "Bismillah, Hajja."

Inna ba ta yi doguwar magana ba. Ta faɗi ranar da ta gan shi riƙe da hannuna, ta ce ƙarfen guga bai lalace ba, ƙarya ta yi, Allah ya yafe mata. Ta ce tun daga ranar take bina sito, shi ya sa gugarta take yin latti, in an duba za a gani. Sannan ta buɗe jaka ta fito da kofinta mai jan zare ta ajiye a kan teburin mai kamfani. Wannan ba ya cikin shirinmu. Mai kamfani ya tambayi mene ne wannan, sai idonsa ya sauka kan zaren, ya daɗe yana kallon kofin carbinsa a tsaye.

An ɗauke mushrif an mai da shi wani reshe. An ba ni haƙuri a rubuce. An tsinke zare. Ustaza ta sa mai kamfani ya sa hannu cewa ba za a sallami kowa saboda shaidar da ya bayar ba. Na sauko bene ina jin kamar in yi guɗa, na rungume Inna a bakin titi na ce khalas, an gama, mun yi nasara. Ta ɗan bubbuga bayana ta ce yalla, mu je, akwai guga tana jiranta.

Ba a kore ta ba, kowa ya cika alkawarinsa. Teloli dai suka daina amsa gaisuwarta, don mushrif nasu ne, sun shekara goma tare. Ni ba su iya yi mini komai ba, Hajiyoyin Kano da ni suka saba, in babu ni ciniki ya tsaya. Sai aka fara ɗaukar abaya ana kai wa wani mai shagon guga a ƙasan layi, wai ya fi sauri. Aka ce Inna ta riƙa zuwa kwana uku a mako. Aka mai da shi biyu. Wata Alhamis sabon mushrif ya ce mata aiki ya ja baya, ta huta, za a kira ta. Ina zaune a teburina waya a kunne ta wuce ta gabana da jakarta. Ta ce mini sai an jima, kamar kullum.

Na kira ustaza ina ihu. Ranta ya ɓaci sosai, ta sake rubuta wasiƙa, aka amsa mata cewa ba sallama ba ce, ƙarancin aiki ne. Ta ce ana iya ci gaba da bi, akwai matakin gaba, amma zai ɗauki lokaci, za a yi ta kiran Inna ana yi mata tambayoyi, kuma ba za ta taka ko taki ɗaya ba sai Inna da bakinta ta yarda. Sai ta tambaye ni, a hankali, ko da gaske na yi wa Inna bayani a karon farko. Na kauce, na ce zan nemi Inna mu yi magana. Ba ta sake tambaya ba.

Wannan karon ban je gidanta ba. Na roƙe ta mu haɗu bayan la'asar a wani benci kusa da tashar mikrobas, na je hannu rabbana. Na faɗa mata duk abin da ustaza ta ce, mai daɗi da marar daɗi, ban rage ba.

"Inna, kina iya cewa a'a."

"A'a," ta ce. Sai ta yi 'yar dariya. "Kin ga, ashe na iya."

Na ce mata akwai abin da zan faɗa. Na gaya mata an hana ni zuwa gidanta na je, an ce in gargaɗe ta ban yi ba, kuma da gangan na yi.

"Na sani, 'yata. Tun da na ga daddawa na san da magana a bayanta."

"To me ya sa kika yarda?"

"Haba. Kin ci abincina, kin kira ni uwa a gaban jikokina. In ce me? Su ji kakarsu ta ga ana taɓa 'yarta ta yi shiru?" Ta gyara tob ɗinta. "Abin da na faɗa gaskiya ne, ban yi da-na-sani ba. Da dai kin bar ni na kwana da maganar, in je da ƙafata, da ya fi mini daɗi. Shi ke nan."

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Na ce ta yafe mini, ta ce ta yafe tun a ranar, ta tsayar da mikrobas ta hau.

Wata biyu tana neman aiki. Ustaza ta haɗa ta da wurare uku, ni ma na bi shaguna ina tambaya. Duk inda ta je sai a dubi shekarunta. Abin da nake kai musu tana karɓa sau ɗaya ta mayar sau biyu. Ni kuwa na ci gaba da zuwa aikina, ina shan shayi a kofin da na ga dama, ina cin abinci a tebur, kuma ba abin da nake jin daɗinsa. Wata Juma'a na hau hawa biyar ɗin nan na ƙwanƙwasa, wata baƙuwar fuska ta buɗe. Maƙwabciya ta ce sun tafi shekaranjiya, sun bi motar Aswan, za su koma Sudan wurin wani ɗan'uwansu, da marar lafiyar da yaran duka. Ba ta yi mini sallama ba. Na zauna a kan matakala na yi kukan da ban yi ba ko a ofishin ustaza.

Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo. Ana jin ƙarar mota da kukan yaro a bayanta. Ta ce sun wuce Aswan lafiya, 'yarta ta jure hanya, in gaida ustaza in ce mata ta yi iya yinta. Ta ce ta tafi da sauran daddawar. Na ɗauka ta gama, sai ta ƙara da wannan.

"'Yata, in za ki shiga sito ki riƙa barin ƙofa a buɗe, tunda ba na nan."

Na amsa mata, saƙona bai shiga ba. Na yi ta kira, har yau lambar ba ta shiga. Na canza waya sau biyu tun daga lokacin, kuma kowane karo saƙon nan nake fara kwashewa kafin komai.